Yadda za a nuna watsewar dandali a rawar zamani

Talatu, Kawo:
Assalamu alaikum. 'Yan mata bakwai ne ke shirya rawar zamani ta minti goma kan yadda dandali ya mutu, kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Da zarar an fara ficewa daga sahu, 'yan kallo sai su ɗauka kuskure aka yi. Yaya za a gina ta?

Malam Isiyaku, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama. Ku ɗora aikin a kan gaɗa. A gaɗa yarinya ɗaya ce ke faɗawa da baya, sauran su tare ta su cilla ta gaba. Ku yi wannan minti uku cur, da tafi da amshi, har idon mai kallo ya saba. Daga nan, duk bayan ƙirga takwas sau huɗu, ɗaya ta ɗauki motsi guda daga na taron, ko kaɗa kafaɗa ko juyin wuya, ta rage masa sauri, ta ja gefe tana maimaita shi. Kada ta bar fage, ficewar ce ke kama da kuskure. Tafi ya riƙa raguwa da kansa, kada a cike gurbinsa da kiɗa.

Ladi, Barnawa:
Malam ya yi daidai, amma wurin haɗarin shi ne faɗuwar ƙarshe, inda babu mai tarewa. Kada a koya ta a kan siminti. A shimfiɗa katifa tukuna. Mai faɗuwar ta lanƙwasa gwiwa, ta sauke haɓa a ƙirji, ta sauka a gefen cinya, ta mirgina ta kafaɗa. Kafa tafin hannu shi ke jawo targaɗe. In masu tarewa sun ragu zuwa biyu, su matso kusa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, su tare ta a allon kafaɗa, ba a hamata ba. Da hunturu a goge ƙasa da tsumma mai ɗanshi, ƙura na sa tayil santsi.

Malam Isiyaku:
Gaskiya ne, Yaya Ladi. In za a sa kalangu, makaɗin ya bi mai faɗuwar kaɗai, ya tsaya daidai lokacin da ta saki jiki. Kuma a zaunar da 'yan kallo zagaye, kamar a dandali, domin masu ja gefe su ƙare a tsakaninsu.