Shin koyar da kiɗan jaz yana da gurbi a makarantunmu na Gombe?

Malamin Fasaha, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma ni ke kula da ƙungiyar badujala da ke yi mana kiɗan fareti. Hukumar UNESCO ta ware ranar 30 ga Afrilu a matsayin ranar kiɗan jaz ta duniya, an fara bikinta a 2012, kuma daga cikin manufofinta akwai koyar da matasa wannan kiɗa, da haɗa makaɗan ƙasashe su ƙaru da juna. Ina da sha'awar ɗalibaina su shiga, amma ina fargabar iyaye su ce baƙon abu na kawo musu. Shin akwai hujjar koyar da shi a nan, kuma ta ina ya kamata a fara?

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Hujja kam akwai ta, domin jaz bai kai baƙuntar da ake zato ba. A birnin New Orleans na Amurka ya tsiro a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin mutanen da aka kwashe daga Afirka a zamanin cinikin bayi, shi ya sa za ka ji salon bayarwa da amshi a cikinsa, kuma makaɗi yana ƙirƙirar sabon karin kiɗa nan take yayin da sauran suke riƙe masa kiɗa, yadda mai kalangu yake yi idan ya hango wanda zai yi wa take.

Musayar ma ta daɗe da isowa Arewa. Louis Armstrong, shahararren mabushin jaz na Amurka, ya zo Najeriya a 1960, har ya gana da Sardauna a Kaduna. Wanda ya fi burge ni shi ne Yusef Lateef, Musulmi Ba'amurke, gwanin busa, wanda ya zauna a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985, yana koyarwa yana kuma binciken sarewar Fulani. Mutum ne da duniya ta san shi, amma ya zauna gaban makiyaya yana ɗaukar darasi. Irin wannan musayar nake fata ɗalibanka su sani, wadda kowane ɓangare yake zuwa da abin da zai bayar.

Malama daga Bauchi:
Malam, ka yi mini haƙuri, ina da ja. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos ya bi shi a 2015, kuma yara nawa ne a yau suka iya kuntigi ko garaya? Masu algaita na fada suna tsufa, 'ya'yansu da yawa sun kama wasu sana'o'in. Amurkawa sun kafa wa nasu kiɗan makarantu irin su Berklee a Boston, sun adana faya-fayansa, mu kuwa namu yana hannun tsofaffin da ba wanda yake naɗar muryarsu. Idan akwai lokaci da kuɗi, a ganina can ya kamata su tafi tukuna.

Mabushin Badujala, Kaltungo:
Maganar Malama gaskiya ce, sai dai ina ganin aji ɗaya zai ɗauki duka biyun. Shawarata, Malam, kada ka fara da rubutun kiɗa. Manyan makaɗan jaz na farko da kunne suka koya, saboda haka ka riƙa kunna wa yara faifai su saurara, su maimaita da baki, sannan su ɗauki ƙaho. Daga nan ka koya musu zagayen bulus mai gaɓa 12, wato wani tsarin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake ta maimaitawa, kowane yaro ya samu zagaye guda ya busa abin da ya zo masa a rai. Idan sun saba, ka gayyato mai goge ko mai sarewa daga cikin gari, ka biya shi haƙƙinsa a matsayin malami, ya busa ko ya goga su amsa masa, a naɗi zaman da waya a ajiye a makaranta. Wannan naɗin shi za ku aika wa wata makaranta a waje ta intanet, ku nemi su aiko da nasu. Ka kuma sanar da iyaye tun farko cewa da rana za a yi, a cikin harabar makaranta, kuma ƙofa a buɗe take ga duk wanda yake son ya zo ya gani.