Shawara: Ummi ta maƙale a lissafin garaf

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamai a taimaka min don Allah. Ummi za ta zana WAEC bana, kuma tana ɗaukar Foda Mas, wato darasin lissafi mai zurfi. Jiya har sha ɗayan dare tana kan tabarma da takardar garaf, ta goge ta sake zanawa har takardar ta huje. Wai liniya furogiramin, lissafin neman riba mafi yawa ko kashe kuɗi mafi ƙaranci. Jan layukan ba ya ba ta wahala, daga nan ne take tsayawa cak. Me zan saya mata?

Malam Mai Lissafi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin ki kashe ko sisi, ki ba ta wannan. Tela ne a Fagge, yana da shadda yadi 80 da lokacin aiki awa 48 kafin sallah. Kaftani na cin yadi 4 da awa 3, ribarsa naira 5,000. Babbar riga na cin yadi 8 da awa 4, ribarta 9,000. Ta kira yawan kaftani x, yawan babbar riga y. Shadda ta ce 4x + 8y kada ya wuce 80. Lokaci ya ce 3x + 4y kada ya wuce 48. Kuma x da y ba sa yin ƙasa da sifili, tunda ba a ɗinka riga a koma baya. Idan ta ja layukan nan biyu, filin da ya rage tsakaninsu da gefen garaf shi ne abin da telan zai iya. Filin kusurwa huɗu gare shi, amsar kuma, wato ɗinkin da zai fi kawo riba, tana kan ɗaya daga cikinsu. Babu ɗinki, babu riba. Kaftani 16 zalla, 80,000. Babbar riga 10 zalla, 90,000. Inda layukan suka gicciye, kaftani 8 da babbar riga 6, riba 94,000. Yawancin ɗalibaina babbar riga zalla suke zaɓa da ka, sai garaf ya nuna musu awa 8 da suka bari a banza.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri Malam. Ta ce matsalarta gefen da za ta shafa da fensir.

Malam Mai Lissafi: Ta gwada da sifili. Ta sa x da y duk sifili, in sharaɗin layin, kamar 4x + 8y kada ya wuce 80, ya zama gaskiya, gefen da sifili yake shi ne nata. Sai dai in layin ta kan sifilin ya bi, to ta zaɓi wani ɗigon. Ta kuma karanta tambaya da kyau, wata gefen da ake so ake shafawa, wata wanda ba a so. Ni na fi son a shafe wanda ba a so, filin amsa ya fito fes.

Anti Malama: Hajiya ki shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu littattafai ki sayo littafin garaf guda, ba falle-falle ba, da rula mai garai-garai wadda ake ganin layi ta cikinta, da fensir mai tsini. Fensir dakusasshe kan mayar da 6 ta koma 6.5 a idon yaro. Ki haɗa da littafin tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO.

Ɗan Jami'a: Mama ki sauke mata GeoGebra ko Desmos a waya, kyauta ne. Tana rubutawa zai shafa mata filin nan take.

Anti Malama: Ɗana ban ƙi ba, amma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Ta fara yi da hannu, sannan ta duba ko ta dace. Na ga yaran da waya ta sangarta, ko ma'aunin santimita 2 a kan garaf ba sa iya tsarawa.

Ɗan Jami'a: Gaskiya ne Anti. Ki dai faɗa mata abin ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Leonid Kantorovich ya fito da shi a Leningrad a 1939 saboda matsalar masana'antar katako, har ya samu kyautar Nobel a 1975. Garaf kaya iri biyu yake ɗauka. In sun yi yawa sai hanyar lissafi ta simfileks ta George Dantzig, ta 1947 a Amurka, wadda muke yi yanzu a BUK.

Baban Sadiq: Malam a gafarce ni, ni tela ne shekara ashirin. Babbar riga ba ta ɗinkuwa a awa 4, ko ba aiki a wuyanta. Ka sa 6.

Malam Mai Lissafi: Na karɓa Alhaji, kai ne a kan keke. Hajiya, Ummi ta mayar da shi 3x + 6y ta sake zanawa. Kada kowa ya faɗa mata amsa.

Maman Ummi: Ga ta nan ta gama. Ta ce yanzu layukan biyu sun jeru ba sa haɗuwa, lokaci ne kaɗai ke taƙure telan, shadda ma sai ta yi saura. Babbar riga 8 na ba da 72,000, kaftani 16 na ba da 80,000, don haka kaftani zalla. Malam haka ne?

Malam Mai Lissafi: Haka yake, Allah ya yi mata albarka. Gobe da safe zan turo mata na neman mafi ƙarancin kashe kuɗi, shi filinsa ta sama yake buɗewa.