Masu masauki a Bauchi da Gombe, yaya kuka yi da wuta?

Mai masauki a hanyar Yankari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗakuna 14 kusa da mararrabar Dindima. Yawancin baƙina masu zuwa Yankari ne, musamman da rani, lokacin da ciyawa ta bushe ake ganin giwaye sosai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ajiye ƙaramin injina, babban kuwa na gas ne, kafin wata ya raba ya lashe ribar. Makon jiya wani baƙo ya dawo daga wanka a ruwan Wikki, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i, ya ce mini: "Alhaji, ƙarar inji ce ta koro ni daga Kano, ga shi na tarar da ita a nan." Wallahi na ji kunya. Ina son komawa sola amma ina tsoron asara. Wanda ya taɓa yi ya faɗa mana, daɗinta da wuyarta.

Hajiya mai gidan baƙi, Gombe:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni sai da na sha wuya kafin na gane. Na sayi farantan sola da baturan ruwa, na ce a haɗa komai a kai yadda yake, har da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki. Kafin ƙarfe ɗayan dare inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka, baƙi na buga ƙofar maigadi. Baturan ba su cika shekara ba suka mutu, domin kullum ana tatse su har ƙasa, yaron da na ɗora wa duba ruwansu kuma ya kan manta.

A karo na biyu na fara da rage kaya. Na bi ɗaki ɗaki da biro da takarda. Ƙwayayen wuta duk na mayar da su LED, na'urorin sanyi na canja su da masu inbata, wato masu tsimin wuta, a hankali, biyu-biyu, ina sayar da tsofaffin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne butar lantarki da dutsen guga da hitar banɗaki, ashe su ne manyan ɓarayin. Na kwashe su. Yanzu tankin dumama ruwa na rana ne a saman rufi, guga kuma da tsakar rana ake yi a ɗakin wanki, shayin safe a filas muke kai wa baƙo. Sai bayan haka na sayi batirin litiyom. Da tsada, ban musa ba, amma babu zancen zuba masa ruwa.

Mai haɗa sola, Bauchi:
Hajiya ta gama magana. Tsohuwar na'urar sanyi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan sama da wat 1,000, ƙwan LED kuwa wat 9 ko 10. Ku duba tazarar. Ranka ya daɗe, idan aka zo ɗora faranti, su fuskanci kudu, a ɗan karkata su kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya riƙa wanke su. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, kuma daidai lokacin ne baƙinka suka fi yawa. A wanke su da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kada a cusa batir a ɗan ɗakin da iska ba ta shiga, zafin Afrilu na rage masa kwana. Sannan don Allah kada a yi rowar sandar da ake binnewa a ƙasa da na'urar kariyar tsawa. Damina ɗaya na ga inbata uku sun ƙone saboda haka.

Manajan wurin shaƙatawa, Dadin Kowa:
Mu ga madatsar ruwa nan kusa da mu tana samar da megawat 40, amma babban layin lantarki na ƙasa wutar take shiga, don haka mu ma sai da muka nemi tamu dabarar. Mun fara da rijiyar burtsatse. Famfon sola ne, babu batir ko ɗaya: rana na fitowa ya fara cika tankuna, da dare ruwan ya sauko da kansa. Firizoji ma da rana muke sa su daskare, da dare a bar su a rufe. Wani abin da mutane ke rainawa shi ne bishiya. Ɗakunanmu da dogon yaro ya yi wa inuwa ta yamma, fanka kaɗai ke isar baƙo a yawancin watanni. Waɗanda ke fili kuwa bangonsu na fitar da zafi har tsakar dare. Sai dai a kula inuwar kada ta hau kan faranti.

Wani mai otal, Azare:
Ni dai shawarata kada ka sayar da injin. A watan Agusta an yi mana kwana uku a jere babu rana sosai, ga 'yan biki sun kama duk ɗakuna. Shi ya fitar da ni kunya. Yanzu awa biyu ko uku nake kunna shi idan batir ya yi ƙasa, ba kwana ba.

Mai masauki a hanyar Yankari:
Allah Ya saka da alheri. Yau da safe na bi ɗakunan kamar yadda Hajiya ta yi, na ƙirga butar lantarki 14 da hita 9. Zan fara da su da famfon rijiya kafin baƙin Disamba. Hajiya, tankin dumama ruwan nan, yana kai wa asuba da ɗuminsa a cikin sanyin Janairu? Baƙina da yawa kafin sallar asuba suke wanka don su riski motar shiga daji.