Taswira a Bangon Falo: Shawarwarin da Aka Bayar

Da aka tattauna kan yadda za a ƙawata falo da taswira, yawancin masu magana sun ce a fara da wurin da zuciya take. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano, alal misali, taswirar cikin ganuwa za ta fi masa ta duniya baki ɗaya: Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, sannan ɗan jan ɗigo a kan unguwarsu. Launi biyu ko uku sun isa. Idan sunaye suka yi yawa, ido ba ya samun wurin sauka.

Girman A2, wato santimita 42 da 59.4, ya dace da yawancin ɗakuna. A kai wa mai bugawa hoto mai inganci wanda ya fito tangaran, don ƙananan rubutu kada su dushe.

Wajen firam ne aka fi daɗewa, kuma a ganina nan ne aikin yake. Kada takarda ta taɓa gilashi. A sa kwali mai taga a tsakani, domin danshin damina yana manne su, tawada ta bi gilashin. A guji salatif, yana barin tabo rawaya. A rufe bayan firam ɗin ruf, saboda ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa. A gidan da yara ke guje-guje, roba mai kama da gilashi ta fi gilashi aminci.

A rataye taswirar daidai tsayin ido, nesa da tagar da rana ke dukanta, don hasken rana yana cinye launi.