Laftof na samun intanet ta Bluetooth, amma babbar kwamfuta ta ƙi

Mai Shagon Fom:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku taimaka. Wi-Fi ɗin laftof ɗina ya mutu tun bara, shi ya sa ta Bluetooth nake jawo data daga wayata Android, kuma yana yi lafiya lau. To yanzu ina so babbar kwamfutar shago ma ta samu, saboda masu zuwa cike fom. Na haɗa su da kebul na Ethernet, na shiga ncpa.cpl (shafin Network Connections na Windows), na zaɓi Bluetooth Network Connection da Ethernet, na danna Bridge Connections. Gadar ta haɗu, amma adireshin IP da babbar kwamfutar ke samu da 169.254 yake farawa, ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Wani lokacin ma na laftof ɗin ɗaukewa yake. Windows 10 ne a duka biyun. Kwana uku ke nan ina fama, har kebul na canza sau biyu.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ka daina ɓarnar kuɗi a kan kebul, ba shi da laifi. Wannan 169.254 ɗin Windows ce ke ba kanta idan ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata. Wayar ce ke rabon adireshi, ita kuwa laftof ɗin kaɗai ta sani. A Windows, haɗin Bluetooth PAN, wato wanda kake jawo data da shi daga waya, na na'ura ɗaya ne, bai cika yarda a goyo wata a bayansa ba. Ka koma ncpa.cpl ka goge gadar gaba ɗaya. Sai ka danna dama a kan Bluetooth Network Connection, ka shiga Properties, sannan Sharing, ka kunna akwatin farko. Idan ya tambaye ka da wa za a raba, ka zaɓi Ethernet. Laftof zai ɗauki 192.168.137.1 ta wannan ɓangaren, ya riƙa ba babbar kwamfutar adireshi da kansa. Amma lallai ka fara goge gadar, don Windows ba ta haɗa gada da Sharing a kan katin network ɗaya.

Ɗan Kasuwar Waya:
Yallaɓai ka sayi ƙaramin Wi-Fi na USB ka huta mana.

Hajiya Mai Kafe:
Gaskiya ɗan nan ya faɗa. Irin wannan haɗin Bluetooth ko a takarda megabit 3 a sakan ne iyakarsa, a aikace kuwa da ƙyar ka ga 2. Ka raba wannan gida biyu, mai ɗora hoton fasfo zai zauna har ya yi hamma. Me ya hana ka jawo datar ta kebul ɗin caji?

Mai Shagon Fom:
Hajiya, bakin cajin wayar ne ya saki, da an taɓa tebur sai ya yanke. Injiniya, Allah ya saka da alheri, jiya ya yi! Ta samu 192.168.137 kamar yadda ka ce. Sai dai yau da safe da na kunna, shiru kuma.

Injiniya:
Halin Windows 10 ne, takan manta da rabon bayan an kashe an kunna. Ka cire alamar Sharing ɗin, ka danna OK, ka sake mayar da ita. Kuma kafin nan ka leƙa wayar tukuna, don a wayoyi da yawa Bluetooth tethering, wato rabon data ta Bluetooth, yana mutuwa da zarar an kashe Bluetooth.

Mai Shagon Fom:
Wayar ce ashe. Yaron shago ne ya kashe Bluetooth ɗin da daddare, wai yana cin caji.