Neman kalmar Hausa: kumburin hannu bayan tiyatar hammata

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a za mu gabatar da shirin rediyo a kan sankarar mama, ina neman Hausar lymph node, da kuma lymphoedema, wato kumburin hannun da ke samun wasu mata bayan tiyatar hammata.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Ta farko kaluluwa ce. Ta biyu kuwa, don Allah kada ku ce tundurmi, domin shi tsutsar da sauro ke yaɗawa ce take haddasa shi, alhali a wannan kumburin, hanyar ruwan jiki ce aka yanke, ruwan ya rasa mafita ya taru a hannu.

Malamin Hausa: Hajiya, Bahaushe ba ya cewa kaluluwa sai ta kumbura, saboda haka sunan ciwo ne, ba sunan gaɓa ba. Na daɗe ina ba da shawarar "matatar garkuwa", tunda aikinta tace ƙwayoyin cuta ne.

Likita: Malam, ina tsoron mace ta ji an cire mata "matatar garkuwa" ta zaci garkuwar jikinta duka ta tafi, alhali jiki yana da ɗaruruwan irinsu, ga saifa da ɓargo suna aikinsu. Hannun da aka yi wa aikin ne yake rauni, har ƙuna ko yankan wuƙa su iya zama ciwo mai zazzaɓi. Kusan mace 1 cikin 5 da aka kwashe wa kaluluwar hammata takan samu kumburin, wani lokaci bayan shekaru. Mu a asibiti "limfodima" muke cewa.

Malamin Hausa: Wannan aron ne yake karya mana harshe, Likita. Sai an yi Turanci ake zama masani?

Likita: Asibiti da allura da garkuwa duk ba mu yi musu gardama ba, biyun farko ma aro ne. Damuwata mara lafiya ta gane, ta kula da fatarta, ta motsa hannun, ta sa safar da ke matse hannun, ta dawo da wuri idan ya fara nauyi.

Mai fassara: Na gode. Zan ce "kaluluwar hammata", sannan "kumburin taruwar ruwa bayan cire kaluluwa".

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, kuma ban janye tawa ba. Amma ku yi amfani da shi ranar Juma'a, mu ji abin da masu sauraro za su ce.