Wa ya taɓa haɗa 'yan ajinsa da masanin kimiyya ta bidiyo kol?

Malam_JS2:
Salam malamai. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, wani aboki ya ce min akwai shirin da ake kira Skype a Scientist wai kyauta za a haɗa ajinka da masani na gaske yara su yi ta yi masa tambayoyi ta bidiyo. Da gaske ne kuwa, kuma zai yiwu a irin makarantunmu da ko wuta babu?

UwarƊalibai:
Wslm Malam, gaskiya ne wlh. Wata Ba'amurkiya Sarah McAnulty ce ta fara shi a 2017 lokacin tana digirinta na uku a jami'ar Connecticut, ita bincikenta kan wata dabbar teku ne mai hannaye da yawa. Fom kawai za ka cike a shafinsu ka faɗi shekarun yaran da fannin da kake so sai su haɗa ku ta imel ku tsayar da rana, hirar kamar rabin awa ce zuwa awa ɗaya kuma ba lakca ba ce, tambaya da amsa ne. Kar sunan ya ruɗe ka, an rufe Skype ɗin ma tun watan Mayun 2025, yanzu Zoom ko Google Meet ake yi. Sai dai ka lura da lokaci, mun riga New York da awa 5 ko 6, ƙarfe takwas ɗin safensu mu an kusa tashi ko ma an tashi.

Ɗan_Lab:
Ni matsalata sauti ce ba hoto ba, yara sittin a aji waya ɗaya, na baya ba abin da za su ji. Ka nemi sifika mai caji da fawa banki, ka gwada netwok ɗin ajin tun jajibiri, kuma dan Allah ka sa su rubuta tambayoyin a takarda tun kafin ranar in ba haka ba ana buɗe kyamara kowa zai yi tsit yana kallon ɗan'uwansa. Turancin nasu ma sai ka riƙa fassarawa.

Baba_Manomi:
To ni dai ina mamaki, sai an tsallaka teku? Ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR nan a Samaru Zariya, ga IITA masu binciken noma na ƙasa da ƙasa suna da ofis a Kano, ga cibiyar noman tsandauri ta BUK, cike suke da masu binciken wake da dawa da gero. Yaron da ya ga wuta-wuta ta cinye gonar babansa in ya samu dokta yana masa bayani da Hausa yadda take manne wa saiwar dawa tana tsotse ta ai tambaya sai kun gaji. Bidiyon WhatsApp ma ya isa.

Malam_JS2:
Allah ya saka da alheri. Baba ka kawo shawara, zan fara da na gida wannan zangon sannan in cike fom ɗin can. Malama in na zo wajen cikewa zan taɓo ki.